Amyar Babana a Birnin Gaisuwa

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya ba kowane itace lokacin furensa, ya ba kowane fure mai zuwa gare shi, ya halicci masu haƙuri da yawa, sa'an nan ya halicce ni. Bayan haka, ni Anaruwa ɗan Barmo, mai kafa amya a ƙasar Tsaunin Gawo, ga labarin tafiyar da na yi da kaya a ka, wadda ta cinye mini takalma biyu da rabin mutuncina. Wanda ya gaskata, na gode. Wanda ya ƙaryata, hanya tana nan, ya je ya gano wa idonsa.

Amya, ga wanda ya tashi a tsakiyar birni, ita ce ɗakin da muke saƙa wa ƙudan zuma da ciyawa, mu shafe shi da kashin shanu, mu turara shi, mu ɗora a kan itace. Guda arba'in na gada. Sai sama ta ɗauke mana ruwa shekara biyu a jere, fure ya yanke, ƙudan suka yi ta watsewa har amya ɗaya ta rage mini, wadda babana ya saƙa da hannunsa a shekarar da ya rasu. Ƙudan cikinta tattaɓa-kunnen waɗanda shi ya kira ne. Ba na ɓoyewa, na fi son su a kan wasu daga cikin dangina, kuma dangin sun sani.

Da na ga su ma yunwa za ta gama da su, sai na tuna da maganar wani falke da ya ce can bayan mafaɗar rana akwai ƙasar da fure ba ya yankewa. Na toshe bakin amyar da marfin ƙwarya mai ƙananan huji, na dama ragowar zumar da nake da ita da ruwa na cika gora don in riƙa ɗiga musu, na naɗa gammo, na ɗauka. Matata ta ce in na dawo in taho da hankalina. Na ce to.

Bayan kwana goma sha tara na faɗa wata ƙasa mai jajayen furanni, kowanne tsawon kakaki, bakinsa faɗin bakin tulu. Na yi hamdala, na buɗe amya. Ƙudan suka shiga, suka fito, suka dawo suna ta gunaguni. Ashe ruwan zaƙin yana can ƙasa, bayan wani murfi mai tauri da ba su iya ɗagawa. Raina ya ɓaci. Na ce fure bai isa ya wulakanta iyalin Barmo ina tsaye ba. Na ajiye hula na cusa kai, na ture murfin da hanci. Ruwan ya kwararo, don firgita na haɗiye shi duka, kuma kaina ya ƙi fitowa. Na yi ta kokawa har na fizge, na fito gemuna ya yi fututu da wani gari rawaya, idona ba ya gani, na yi taga-taga na sake afkawa cikin furen da ke kusa.

Ina ciki na ji guɗa. Aka jawo ni ta ƙafa, na ga mutane sun cika gonar suna tafi. Sarkin Nomansu, wani dattijo mai haƙori uku, ya zagaya ni yana dubawa kamar mai tayin sa, ya ce, "Jama'a, tsuntsun bana ya iso. Ba shi da kyan gani, amma ya san aiki."

Na ce, "Baba, wane tsuntsu? Ni mutum ne, ina da mata."

Ya ce, "Tsuntsaye ma suna da mata." Sa'an nan ya yi mini bayani: kowace shekara wani tsuntsu mai dogon baki yakan zo ya sha ruwan furannin, yana ɗaukar garin wannan yana kai wa wancan, a haka suke samun 'ya'yan da suke ci. Bana ya makara, hankalinsu ya tashi, sai ga ni.

Suka ɗaura mini fukafukan kaba, suka sa mini igiya a ƙafa. Fure ɗari biyu nake shiga kowace rana, ina atishawa suna cewa kuka ne mai albarka. Ran na shida na ce wa dattijon, "Baba, tsuntsun da bai tashi sama ba aikinsa ba ya kamawa. Ku kai ni kan tudun can, ku kwance igiyar, ku ajiye sheƙata a gindin tudu don in san inda zan sauka." Suka ce ai gaskiya ne, haka na bara yake yi. Suka ajiye amya a ƙasa, duk garin suka hau tudu don kallo. Na buɗe fukafukai na yi tsalle, na gangaro kamar buhun gyaɗa, na suri amyata na cika wandona da iska. Har na yi nisa ina jin dattijon yana cewa su yi haƙuri, ɗan koyo ne.

Ƙasa ta biyu ba na son tuna ta da abinci a gabana. Furanninta warin mushe suke yi, ƙudajen bola ne ke musu hidima, mutanen kuwa sun saba har suna soka furen a hula ranar biki. Ƙudana suka yi tsit a cikin amya, ni ma na kusa bin su. Mutanen garin da suka shaƙi ƙanshin kaki da zuma a jikina sai suka toshe hanci suna kakarin amai. Akwai babban kogi a gabana, ga shi ban iya iyo ba, sai na zauna a tsakiyar kasuwa na ce garin ya yi mini, a nuna mini fili zan yi gini. Kafin la'asar sun haɗa mini guzuri da kwalekwale da matuƙa huɗu, kowanne da tsumma a hanci.

A tsallaken kogin nan ne na ɗiga wa ƙudan ɗigon ƙarshe na gora. Na yi kwana biyu ina tafiya, kunnena a jikin amya, kukansu yana ta raguwa. Da hantsin rana ta uku na hango ganuwa, ta samanta kuwa fure ne iya ganin ido: mangwaro, lemo, gwaiba, ga ɗorawa ta saki jajayen furanninta kamar tuntun hula. Na fashe da kuka don daɗi, na kama gudu.

A ƙofa wani mai gadi ya tare ni, ya durƙusa, ya ce, "Maraba da baƙo. Wannan shi ne Birnin Gaisuwa. Ina kwana?"

Na ce, "Lafiya lau. Zan wuce."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya hanya? Yaya aka baro mutanen gida? Su wa da wa aka bari?"

Na yi kuskuren gaya masa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da suna, ya tambayi lafiyar matata, da uwarta, da ƙannen uwarta, ya gangaro kan awaki. In na amsa a gajarce sai ya ce bai ji da kyau ba, ya koma farko. Rana ta take tsaka muna kan akuya ta huɗu. Nan na ga abin da ya tsinka mini zuciya: duk itacen da ke cikin birnin an lulluɓe shi da wani siririn yadi irin na gidan sauro, ƙananan furanni kuwa kowanne an ɗinka masa 'yar hula. Ga wasu ƙarti suna sintiri da mafitai, ko malam-buɗe-littafi ya gifta sai sun bi shi har bayan gari.

Mai gadi ya ce, "Yaya kaya?" Sai ya kasa kunne, ya ji ɗan kukan ƙudan da ya rage a cikin amya. Ya miƙe a hankali, ya ce, "Don Allah ka yi haƙuri, bawan Allah, na kama ka. Sannu da kamuwa."

Aka kai ni gaban Magajiya, wadda ke mulkin birnin, mace mai jiki da fuskar wanda ya daɗe bai ci abin da ransa ke so ba. A damanta akwai wani dogon mutum da ake kira Sarkin Gaisuwa, shi ne alƙalin ladabi na ƙasar duka. Bayan an gama gaishe-gaishe, wanda na yi gyangyaɗi sau biyu a ciki, ya karanto laifin.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, shekara bakwai ke nan da wani ƙudan zuma ya wuce ta kan hancinki ya faɗa furen da kike shaƙa, ba sallama, ba gafara dai. Muka bincika muka tarar haka suke yi wa kowane fure. Su kutsa kai, su sha, su fito da garin masu gida a ƙafa, ba ko sai an jima. Muka kore su da duk mai irin halinsu. Har yau furanni ba su huce ba, shi ya sa suka ƙi ba mu 'ya'ya, duk da haƙurin da muke ba su kowace safiya. Yanzu ga wannan ya shigo mana da su gari guda. Hukunci, a ƙone."

Na faɗi na ce, "Allah ya ja zamaninki, ni a ƙone ni. Waɗannan marayu ne, kwana biyu ba su ci ba."

Sarkin Gaisuwa ya ce, "Kai ai ka yi gaisuwa, ko da yake ta 'yan tasha ce."

Sai wata tsohuwa ta yi gyaran murya daga cikin mata. Iya Tambai ake ce mata, da can ita ce mai daddawar birnin. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ni dai tun ina yarinya na san ba a taɓa kayan baƙo sai ya kwana uku. Ko an soke wannan ban ji ba?"

Ba a soke ba. Aka yanke cewa in sauka gidanta. Kowace safiya Sarkin Gaisuwa zai zo ya yi wa fure sallama a madadin ƙudan. In fure ya amsa, a buɗe amya. In kwana uku suka cika bai amsa ba, wuta.

Iya Tambai ta kawo mini tuwon dawa da miyar kuka. Na kai loma ɗaya na tsaya. Lami, ruwan ganye kawai. Ta ce, "Ci, ɗan nan, haka Magajiya ma take ci. Dawa da gero ne kaɗai ba su yi fushi da mu ba. Ɗorawa kuwa fure take yi kamar ta yi magana, amma rabona da ganin kalwa shekara bakwai, da me zan yi daddawa?" Ta jawo wata 'yar gora daga ƙarƙashin gado, a ciki akwai ƙwayar daddawa ɗaya da ta rage a duk ƙasar. Ta ce ranar Juma'a manyan gari sukan zo su shaƙa, kowa sau ɗaya, wasu har da hawaye.

A bayan ɗakinta akwai kabewa da ta yaɗu, furanninta rawaya, kowanne da hularsa. Su aka zaɓa don gwaji. Da gari ya waye Sarkin Gaisuwa ya iso da babbar riga da mutum goma. Aka cire wa fure ɗaya hula, ya buɗe sosai. Ya tattara riga ya durƙusa a gabansa.

"Gafara dai, masu gida."

Shiru.

"Mun zo da baƙi ne. An tashi lafiya? Yaya raɓa? Yaya jijiya? Yaya su ganye?"

Bayan kowace tambaya sai ya jira, don a wurinsu katse mai shirin amsawa babban abin kunya ne. Ni kuwa ina rungume da amya ina cizon yatsa. Furen kabewa, kowa ya sani, da hantsi yake rufewa. Rana na ɗagawa ya fara tsukewa, ya tsuke ƙam. Sarkin Gaisuwa ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce, "Kun gani? Ta rufe mana ƙofa. Fushin da sauransa."

Ran nan da na ɗaga marfin amya kaɗan, gawar ƙuda cike da tafin hannuna na kwaso. Na haƙa rami a gindin ɗorawa na binne su. Ban taɓa jin na tsani ladabi kamar ranar ba.

Washegari na yi dabara, irin dabarata. Tun kafin su iso na kwanta a ƙarƙashin ganyen kabewa, Iya ta ce musu na zaga. Sarkin Gaisuwa ya durƙusa ya ce, "Gafara dai, masu gida." Na matse murya na ce, "Maraba, ku shigo." Wurin ya ɗauki salati. Na ce a raina an gama. Ashe an fara ne.

Sarkin Gaisuwa ya ce, "Shekara bakwai! Ina wuni na shekaranjiya da na waccan shekaranjiyar? Yaya muka ji da rashin kakarki, kabewar gidan Wanzam?"

Na ce, "Sai haƙuri. A buɗe wa baƙin."

"Yanzu kuwa. Yaya ƙanwarki ta jikin danga?"

"Lafiya."

"Ta kusa da turmi fa?"

Tururuwa sun shige mini wando, rana tana hawa, ina kallon bakin furen yana motsi zai rufe. Ya kai kan ƙanwa ta goma sha ɗaya, ban san sanda na miƙe da ganye a ka ba. Na ce, "Lafiyarsu ƙalau, na ce! Duk danginmu lafiya lau! Kai wane irin mutum ne? A buɗe amyar nan!"

Sarkin Gaisuwa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Sannu da fitowa." Sa'an nan ya ce a tara itace, gobe Magajiya da kanta za ta zo.

Da la'asar ina zaune na haɗa kai da gwiwa, amya a gefena ba ko motsi. Maƙwabta suna biki, ana ta kiɗan ƙwarya, abin ya ƙara ƙona mini rai. Iya Tambai ta zo ta tsuguna tana cire busassun furanni. Ta ce, "Kai da ka iya kwanciya a cikin kabewa, ka lura furenta iri biyu ne? Dubi wannan, siririn wuya ne da shi, sai gari a ciki. Namiji ke nan. Wannan kuwa ga 'yar kabewa kamar ƙwallon goruba a gindinta. Ita ce mace. Kullum sai ta fito da 'yar, kwana biyu ta yi rawaya ta faɗi. Na daɗe ina zargin korar ƙudan nan, amma ban san me suke yi ba."

Na yi shekara talatin da ƙudan zuma, kunya nake ji in faɗa, ban taɓa tambayar me suke bar wa fure ba, abin da suke kawo mini kawai na sani. Sai dattijon nan mai haƙori uku ya faɗo mini a rai, da fure ɗari biyun da nake shiga. Na ce, "Iya, ba sata suke ba! Aike ne. Garin wannan suke kai wa waccan. Ni na yi aikin nan kwana shida, da fukafukai."

Ta dube ni kamar za ta tambaya, ta fasa. Ta juya tana sauraren kiɗan maƙwabta, can sai ta ce, "Daga gidan namiji zuwa gidan mace, da kaya a hannu." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Gobe ka rufe bakinka. Ko an taka ka kar ka ce uffan."

Rana ta uku aka cika gidan. An jera itace, ga mai riƙe da bakin wuta. Magajiya ta zauna a kan kujera. Sarkin Gaisuwa zai durƙusa, Iya Tambai ta riga shi.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, tsohuwa tana da tambaya. Ranar da aka kai ki ɗakin miji, da abokan ango suka zo suka yi sallama, kin amsa?"

Magajiya ta ce, "Haba Iya, Allah ya kiyaye. Wace amarya ce za ta yi magana ba a sayi bakinta ba?"

"To wa ya yi musu iso?"

"Ƙofa a buɗe, ga turare, ga abin sha an ajiye. Ai shi ne iso."

Iya ta cire wa macen furen hula. Ta ce, "Ga ƙofa a buɗe. Ga ƙanshi. Leƙa ciki, Sarkin Gaisuwa, ga abin sha. Ta yi ado tun asuba ta yi shiru. Wannan mai fushi ce ko amarya? Ga ango can jikin danga da kayan sayen baki, ba shi da ƙafar kawowa. 'Yan aikensa kuwa kun kore su da mafici kun ce ɓarayi ne. Shekara bakwai kuna zuwa hannu rabbana kuna matsa wa amare su yi muku magana."

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai ran nan. Sarkin Gaisuwa ya dafe ƙirji, rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Inna lillahi. Ni? Ni na tsare amarya da surutu? Har da tambayar ta raɓa?" Ya juya gare ni, "Bawan Allah, buɗe. Buɗe, gaisuwar ta biyo baya." Mutanensa suka dubi juna, don ba a taɓa jin haka a bakinsa ba.

Na cire marfin. Ba abin da ya fito.

Na jira. Na ƙwanƙwasa jikin amyar da yatsa yadda babana yake yi. Shiru. Mai bakin wuta ya sunkuyar da kai. Na ce a raina na ɗauko su daga gida na kawo su cikin fure su mutu. Can sai ga ɗaya ta rarrafo bakin amya, tana jan ƙafa, ko fiffike ba ta iya ɗagawa. Na miƙa mata yatsa ta hau. Na kai ta kan namijin furen na sauke. Ta gangara ciki ta daɗe, har na fara tsoro. Da ta fito, ta yi buɗu-buɗu da gari, ta karkaɗe jiki, ta tashi. Ta yi kewaye ɗaya a kan rawanin Sarkin Gaisuwa, ta faɗa cikin macen.

Ya bi ta a guje yana riƙe da riga, yana shela, "An kawo! Jama'a ku shaida, an kawo kaya, an karɓa!" Mata suka rangaɗa guɗa. 'Yar ƙudan ta koma amya, ba a jima ba suka fara fitowa, biyu, biyar, sa'an nan kamar hayaƙi. Yara da manya suka bi furanni suna tuɓe musu huluna.

Magajiya dai ta ce kar a kwashe itacen sai amarya ta amsa. Kwana huɗu garin yana zuwa yana leƙen 'yar kabewar nan. Ba ta yi rawaya ba, ba ta faɗi ba. Ran na biyar ta kai girman kan jariri. Aka yaye yadin da ke kan itatuwa, aka dafa tuwo da itacen ƙona amyata. Masu mafitai aka ba su sabon aiki, su tsaya a bakin lambu suna yi wa duk ƙudan da ya wuce sannu da aiki.

Na zauna har ɗorawa ta yi 'ya'ya, aka fasa kalwa, Iya Tambai ta dafa ta rufe. Ranar da ta buɗe, warin ya gama birni, Magajiya ta zo da ƙafarta ba takalmi, ta ci tuwo malmala biyar da miyar daddawa ba ta gaisa da kowa ba. A kwanakin ne fatake suka kawo labarin ruwa ya sauka a ƙasarmu. Na ce to, lokacin komawa ya yi.

Da safe na je ɗaukar amya, na ji ta shafal. Na leƙa, ba kowa, sai tsohuwar saƙa. Iya ta nuna mini sama. Sun tashi gaba ɗaya sun tare a wani kogo can ƙololuwar ɗorawarta, suna ta shige da fice.

Na yi faɗa. Na ce musu butulai. Na tuna musu wanda ya yi tsuntsu dominsu, wanda tururuwa suka ci dominsu. Na turara amyar na ɗaga sama har hannuna ya gaji, ko ɗaya ba ta waiwayo ba. Sarkin Gaisuwa, wanda ya zo rakiya, ya ce, "Tashi ba sallama laifi ne babba. In kana so a shigar da ƙara, yau ɗin nan a sauko da su."

Na daɗe ina kallonsu. Sun yi ƙiba, bayansu yana sheƙi, kowace ta dawo ƙafarta dam da gari. Tun rasuwar babana ban gan su haka ba. Na ce, "Ƙyale su, ranka ya daɗe. Aiki suke."

Sai na ajiye amyar, na tattara riga, na durƙusa a gindin ɗorawa, ni da ban taɓa kai gaisuwa ƙarshe ba. Na ce musu zan tafi. Na roƙi gafara in na taɓa matsa musu da hayaƙi. Na ce su gaida uwarsu, su gaida 'yan cikin saƙa da ba su san ni ba, su riƙa leƙa kabewar Iya. Na yi shiru ina jira, kamar yadda ake yi a garin.

Ɗaya ta sauko. Ta zagaya kaina sau biyu, ta sauka a kan tsinin hancina, ta gantsara mini harbi.

Sarkin Gaisuwa ya gyara tsayuwa, ya ce da babbar murya, "An amsa."

Jama'a suka kwashe da dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba. Sai dai ni mai amya ne, na san wadda ta yi harbi ba ta ƙara kwana. Iya Tambai ta kawo man shafawa, na ce ta bar shi. Na ɗauki amyar babana ba kowa a ciki, na kama hanya da hanci kamar tumatir. Kwana uku kumburin ya yi ya saɓe, ni kuwa na so ya kai ni gida.